Ranar da Na Tsare wa Baffa Ƙofa

Ku 'ya'yana, na san abin da ake gaya muku a Taloka duk lokacin da kuka je gaisuwar sallah. An ce uwarku ta tsare wa Baffa Maɗori ƙofa tana cikin ɗanyen jego, ta kunyata dattijo a gidan ɗansa. Haka aka yi, ban musa ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake fara labarin daga bakin ƙofa, kamar haka kawai na tashi da safe na ga dama in yi rashin kunya. Ba wanda yake faɗin wadda ke kwance a bayan ƙofar, ko abin da za a yi mata da na kauce. Shi ya sa na ce bari in rubuta muku da kaina tun idona na gani, don ku ji daga bakin mai shi.

Inna, mahaifiyata, a Wurno ta yi duk rayuwarta. Gidan malamai aka kai ta, gida mai zaure bayan zaure, tsakar gidan mata kuma an rufe rabinsa da rumfa saboda zafi. Ba ta fita sai da dalili mai ƙarfi, in ma ta fita a lulluɓe take, bayan rana ta yi sanyi. Ta yi ta haihuwa a jere, tana yaye wannan tana ɗauke da cikin wancan. In an sayo nono a dama fura, yara ne a gaba, sai baƙin Malam mahaifina, ita kuwa ta ɗauraye ƙwaryar ta kurɓa ta ce ta ƙoshi. Yayarta uwa ɗaya uba ɗaya, Yakumbo, Boyekai aka kai ta, gidan noma da shanu. Ita kullum tana cikin rana, daga rijiya zuwa gona, daga gona zuwa garke, nono kuwa sai ta ture. Muna yara muna yi wa Yakumbo tsiya, mu ce ta yi baƙi kamar gindin tukunya, Innarmu kuwa fes da ita. Da tsufa ya zo, Yakumbo na ɗaukar dami ta miƙe ba mai ɗora mata, Inna kuwa ta fara ranƙwafawa. Kowa ya ce tsufa ne, ni ma haka na ce.

Shekarar da na haifi Auta, Inna ta zo Goronyo yi mini wankan jego, kamar yadda ta saba a kowace haihuwa. A ɗakina akwai wata ƙusa da babanku ya kafa a bango tun haihuwar fari, daidai inda hannun Inna yake kaiwa, don ta riƙa rataye carbinta. A wannan zuwan na ga ta miƙa hannu, ta yi ɗage, ta sake miƙawa, sannan ta juyo tana dariya.

"Kulu, an ɗaga ƙusag ga ko?"

"Ba wanda yat taɓa ta, Inna."

"To amshi ki rataye mani."

Na karɓa na rataye, amma abin ya tsaya mini a rai, don tsayinmu ɗaya da ita tun ina budurwa, yanzu kuwa ina ganin tsakiyar kanta. Sai na tuna damina biyu da suka wuce ta dafa ƙasa za ta tashi daga sallah, wuyan hannunta ya tsage. An ɗaure mata a Wurno, aka ce tsautsayi ne. Wane irin tsautsayi ne mutum zai dafa tabarma ƙashinsa ya tsage? Na yi wannan tunanin, sai jaririya ta yi kuka, na bar shi a nan.

Ran da abin ya faru da hantsi ne. Inna ta fito daga ɗaki da buta a hannu, ta tsallake dokin ƙofa, wanda ko yaro mai rarrafe yana haye shi, sai na ji salatinta. Na fito na same ta a ƙasa, ta cije leɓe, zufa na keto mata. Ƙafarta ta dama ta kwanta gefe, tafin ya juya waje, kuma da ido kana ganin ta fi ɗayar gajarta. Ni da matar maƙwabta muka ja ta a kan tabarma zuwa cikin ɗaki, kowane motsi sai ta ɗauke numfashi. Babanku ya dawo daga lambun albasa a guje. Ya tura babur Taloka a ɗauko ƙanen mahaifinsa, Baffa Maɗori, ya tura wani zuwa Rabah a kira Yaya Ummaru, babban ɗan Inna, wanda ke koyarwa a can.

Ina so ku san wane ne Baffa, don kada ku ɗauka ina raina shi. Ɗori gadonsu ne, kuma hannunsa na da albarka. Masunta da manoma daga ko'ina a bakin gulbi gidansa suke nufa, ya ja, ya daidaita, ya shafa man shanu, ya jera karan ɗori ya ɗaure, ya yi tofi, mutum ya warke ya koma gona. Kai Nasiru, hannun da kake tuƙi da shi yanzu shi ya ɗora maka. Da ya iso ya yi sallama ya durƙusa gefen Inna, ya shafa ƙugun a kan zane a hankali, ya dubi tafin ƙafar, sannan ya tambayi daga inda ta faɗo. Na nuna masa dokin ƙofa. Ya dube shi, har ya ɗan yi murmushi.

"Daga nan? To alhamdu lillahi. Ba karaya ta ba, gocewa ta. Kwatangwalo ya hita gurbinai. In an ja shi da ƙarhi shi koma."

"Baffa, ba a duba ko ya karye?"

"Kulu, ƙashin cinya ba kara na ba. Na ga matan Boyekai saniya ta haure su, na ga wadda tah hwaɗo daga kan rumbu, sai dai targaɗe. Mace ba ta karya ƙugu ga dokin ƙohwa."

Ya ce ba zai taɓa ta ba sai ɗanta ya zo ya ba da izini, ya fita zaure ya sa a nemo masa ƙarti masu ƙarfi, biyu su danne kafaɗu da ƙugu, shi da ɗaya su ja ƙafa. Ina jin su ana ta shigowa zaure ana gaisawa. Na koma na zauna kusa da Inna ina yi mata fifita, Auta na kan cinyata. Can ta kamo bakin zanena ta jawo ni, ta yi magana ƙasa-ƙasa don kada surukinta ya ji.

"Kulu, ba tuntuɓe niy yi ba. Ina tsaye nij ji ƙas cikin ƙuguna, sannan nih hwaɗi."

Wato ba faɗuwa ce ta taɓa ƙashin ba, ƙashin ne ya kayar da ita. Na tuna ƙusa, na tuna wuyan hannu. Na ce a raina, ƙashin da ya kasa ɗaukar mai shi, shi ne ƙarti za su kama su ja? Na ce mata ta faɗa wa Baffa haka. Ta girgiza kai. A gidan suruki take, ko abinci ba ta ci a gaban babanku, balle ta buɗe baki ta musa wa baffansa.

Da Yaya Ummaru ya iso bayan azahar na ji sanyi a raina, don shi ne mai boko a gidanmu, na ɗauka zai ce asibiti. Na ja shi gefe na zayyana masa komai, har da ƙusar. Ya saurare ni, sannan ya gyara tsayuwa irin ta gaban allo.

"Na san abin da kika tunani, ciwon nan da ƙashi ka zaizayewa. Kulu, wannan ciwon matan Turawa na, da na ƙasashen da ba su ganin rana. An yi muna bayani wurin wani kwas, baƙar mace ƙashinta ya hi nasu nauyi da ƙwari. Dubi Yakumbo mana, ta girmi Inna."

"Yaya, Yakumbo daban, Inna daban."

"Uwa ɗaya uba ɗaya? Ke dai jego ya ruɗa ki. Baffa ya san aikinai."

Wannan ne ya fi tsorata ni a ranar. Da ma gardama suke yi, mai gado da mai boko, da na sami inda zan raɓa. Amma bakinsu ya zo ɗaya. Baffa na magana da matan da ya saba ɗorawa, Yaya na magana da matan da aka ba shi labari, kuma duk cikinsu babu wanda yake magana a kan Innata. Yaya ya leƙa ya gaishe ta, ya fita ya ce wa Baffa bismilla. Na ji takun ƙartin nan suna shigowa tsakar gida, ɗaya har yana naɗe hannun riga.

Ban san lokacin da na goya Auta na miƙe ba. Na tsaya a bakin ƙofa, na dafa wannan gefe da wancan. Baffa na gaba da karan ɗori da tsumma a hannu, ya tsaya yana jira in kauce. Ban kauce ba.

"Kulu, ba mu wuri."

"Baffa, ka yi mani gahwara. Ba a jan ƙahwag ga."

Matan maƙwabta na leƙe ta katanga. Yaya ya daka mini tsawa, ya ce in ban matsa ba zai ɗauke ni da hannunsa. Na ce ya zo ya ɗauka, da ni da goyon. Hannuna ya ƙi sakin ƙofar. Sai muryar Inna ta fito daga bayana, a raunane.

"Kulu, bar su. Kak ki kunyata ni gidan mutane."

Wannan maganar ta fi tsawar Yaya zafi, har yau ina jin ta. Wadda nake tsarewa ita ce ke cewa in kauce. Na yi kuka a tsaye, hawaye na zuba ba hannun sharewa, na ce mata ta yafe mini, yau ɗaya ba zan ji maganarta ba. Baffa bai ɗaga murya ba, shi ba mai hayaniya ba ne. Ya juya ya dubi babanku.

"Bube, gidanka na ko gidanta? Tun kakanka muna ɗori, ba a taɓa tsare muna ƙohwa ba. In tsohuwag ga ta hita gidanga zuwa wani wuri, to ƙahwata ta hita ita ma."

Babanku mutum ne mai sanyi, kun san shi, Allah Ya jiƙansa. Baffa ne ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsa, shi ya ba shi gonar farko. Ya tako a hankali har gabana, idonsa ya yi ja, ya yi magana yadda ni kaɗai zan ji.

"Kin tabbata?"

"Ban tabbata ba, Malam. Amma in an ja kuma ni ad da gaskiya, ba ta sake tashi."

Sai babanku ya juya ya durƙusa a gaban Baffa ya ce a yi masa aikin gafara, ya tashi ya fita. Baffa ya naɗe karansa a tsumma, ya sa takalmi, ya wuce ba sallama, ƙartin suka bi shi. Ni kuwa ban saki ƙofar ba, don ban san ko babanku rarrashi ya bi shi ba. Sai da na ji kukan a-kori-kurar da ke kwasar masa albasa a ƙofar gida, sannan na zube a ƙasa.

A kan ƙyauren ɗaki muka ɗauke ta, aka cire shi aka shimfiɗa katifa, don kada ƙugun ya motsa. Matan unguwa suka taso mini, mai jego ba ta fita ba ta yi arba'in ba, sanyi zai shige ni, wa zai dafa mini ruwan wanka. Na ce sanyin ya shige ni. Na hau bayan mota da goyona, ɓawon albasa na tashi yana shiga mana ido. Yaya ya zauna gaba. Hanyar Sakkwato a lokacin ba tsoron kowa sai ramuka, kuma kowane rami sai Inna ta yi ƙara ta matse hannuna. Ta kau da fuskarta daga gare ni tun daga Goronyo har muka wuce mararrabar Wurno. Duk tafiyar nan abu ɗaya nake juyawa: in aka duba aka ce gocewa ce, na raba mijina da baffansa a banza, na wahalar da uwata a banza, da wane ido zan koma?

Washegari aka ɗauki hoton ƙashin a babban asibiti. Likitar mace ce, ba 'yar yankinmu ba, Hausarta ta gabas ce. Ta ɗaga hoton a jikin taga ta nuna mana inda ƙashin cinya ya karye, can sama dab da inda yake shiga ƙugu. Ta kuma nuna mana yadda sauran ƙashin ya yi shara-shara, kamar karan da gara ta cinye cikinsa. Ta tambayi haihuwa nawa Inna ta yi, ko tana shan nono, ko tana zama a rana, yaushe jini ya ɗauke mata. Yaya, don Allah Ya sani ba shi da girman kan ƙin tambaya, ya faɗa mata abin da aka koya musu.

"Ba ƙarya aka gaya maka ba, Malam," in ji ta. "In an haɗa mata da yawa aka kwatanta, ana samun bambanci tsakanin jinsi da jinsi, kuma baƙaƙen mata sukan fi ƙwarin ƙashi. Amma wannan maganar taro ce. Ba ta hana ƙashin mace ɗaya ya zaizaye ba, in ta yi ta haihuwa da shayarwa, ba nono, ba rana, ga shekaru. Mahaifiyarka ba taro ba ce."

Na tambaye ta abin da zai faru da an ja. Ta dube ni, ta dubi goyona, ta ce gara da ba a ja ba. Ban ji daɗin cin gardama ba ko kaɗan. Na fita baranda na zauna na yi ta kuka, don ashe tsoron da na yi gaskiya ne, kuma wannan ƙashin shi ya ɗauke mu duka a ciki.

An yi mata aiki aka sa ƙarfe. Mun daɗe a can, har arba'in ɗina ya cika a barandar asibiti, ba wanka ba kunun kanwa. Daga nan Yaya ya mayar da ita Wurno. Ta yi watanni tana sallah a zaune, kuma in na je gaishe ta sai ta amsa a taƙaice, ta karɓi Auta ta yi ta wasa da ita kamar ba na wurin. Har yanzu kunyar abin da na yi a gidan surukinta na cinta. Wata rana da la'asar na shiga ɗakinta ba ta ji sallamata ba, na same ta a tsaye kan tabarma, sanda jingine da bango, ta ɗaga hannu ta yi kabbara. Na tsaya a bakin ƙofa ban motsa ba har ta sallame. Ta juyo ta gan ni.

"Ke dai ba ki gajiya da tsayuwa bakin ƙohwa," in ji ta. "Shigo."

Iyakar abin da ta taɓa faɗa ke nan a kan maganar, kuma ya ishe ni. Ta rayu shekaru bayan haka tana zuwa bayi da ƙafarta, tana fitowa hantsi ta zauna inda rumfa ba ta kai ba, da ƙwaryar nono da Yakumbo ke aiko mata.

Baffa kuwa ya cika maganarsa. Bai sake taka gidanmu ba har ya koma ga Allah. Ba suna, ba biki, ba dubiya. Babanku yakan je Taloka ya gaishe shi, a amsa masa, amma an daina kiransa shawarar gida, kuma na san abin ya ci shi har ƙarshen ransa, ko da yake bai taɓa goranta mini ba. Ranar da na je ta'aziyyar Baffa matan gidan suka ba ni tabarma can gefe, ba wadda ta zauna kusa da ni. Ban ga laifinsu ba. Na karya musu abin da suke alfahari da shi a gaban mutane. Shi ma Baffa ban taɓa riƙe shi a rai ba, matan da ya sani ne suka yi masa alƙalanci, Inna kuwa ba ta cikinsu. Ku ci gaba da zuwa Taloka, danginku ne.

Ku mata a cikinku, kun sha yi mini dariya in na kore ku rana da safe, ko in na tsare ku da ƙwaryar nono kuna jego, har Auta na ce mini sarkin fulanin gida. Ku yi dariyarku, amma ku sha. Kada wani ya ce muku ƙashinmu na baƙar fata ba ya lalacewa. Ku ba ku san ko ƙashin Yakumbo kuka ɗauko ko na Inna ba, ni ma ban san nawa ba, sai kwanan nan.

Ƙusar nan tana nan a ɗakina inda babanku ya kafa ta, a nan nake rataye carbin Inna tun da ta rasu. Daminar da ta wuce na idar da sallah, na miƙa hannu, na yi ɗage, na sake miƙawa, ban kai ba. Nasiru ya ce zai sauko mini da ita ƙasa kaɗan, na hana shi. Ku bar ta inda take ku riƙa gani. Na je an duba ni, ina shan abin da aka ba ni, ina taka dokin ƙofa a hankali. Amma in ranar ta zo kuka same ni a ƙasa, na san halina, kunya za ta sa in ce ku bar su, kamar yadda Inna ta ce. Kada ku ji maganata. Ɗaya a cikinku ta tashi ta tsaya a ƙofar.